Gidan da Ƙofarsa Ke Buɗe Kanta

Muna hutun cin abinci a kamfaninmu na robobi da ke Sharaɗa, sai na ji abokin aikina Sani yana ba wani labari ƙasa-ƙasa.

"Tun da uwarsu ta rasu a ɗakin sama ƙofar ke buɗe kanta. 'Ya'yan ma sun daina yi wa juna magana."

Ni akwai son jin ƙwaƙwaf, kuma a ganina ba wanda ya kai ni gane mai damuwa. Na matsa na ce, "Wane gida ne?"

Ya ce, "Ka zo wajena ranar Asabar ka gani da idonka."

Nan take na yanke cewa danginsa ne, kunya ce ta hana shi faɗa. Ranar Asabar na ɗauko kawuna mai ruƙiyya a keke napep, da galan ɗin ruwan addu'a, har Hotoro.

Sani ya tarbe mu da fara'a, ya kunna talabijin. Ashe fim ne na ban tsoro mai dogon zango.

Kawu ya dube ni, ya gyara zama, ya kalla har la'asar.

Har yau in inji ya tsaya a kamfani, sai wani ya ce, "Ku bar injiniya, a tura shi ya ɗauko Kawu."