Yadda Za Ki Yi Hira da Ma'aikacin da Aka Kora Ba a Gaya Masa Ba

Malaminku ya ba ku aiki: kowa ya nemo ƙwararren ma'aikaci, ya yi hira da shi a kan aikinsa da yadda ake isar da magana a ofis, ya rubuto. Ke kuma duk danginku ba mai ɗaura nektai sai kawunki, Jami'in Sadarwa a wani kamfanin sayar da famfo da bututu. Kwantar da hankalinki. Bi matakan nan daki-daki, na yi miki alkawarin maki mai tsoka, kawun kuma zai wayi gari da aikinsa. Wadda ba ta samu biyun ba, ita ta tsallake layi.

1. Nemi izini ta hanyar da ta dace

Kada ki kira shi kai tsaye, wannan ƙauyanci ne. Gaya wa mamarki, ta gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya masa da safe yana neman safarsa. Amsa za ta dawo ta inda ta bi: ya ce ki zo, amma kada ki taho masa da saƙon kowa. Ba za ki gane wannan ba tukuna. Riƙe shi dai.

2. Buɗe ido kafin ki buɗe baki

Sakatariya za ta tambaye ki ko ke 'yar gidansu ce. Da kin ce eh, fuskarta za ta washe fiye da kima. Ki ji tsoron wannan fara'ar.

A ƙofarsa za ki ga ramukan ƙusa inda allon sunansa yake a da. A silin akwai ƙugiya, babu fanka. Babu tebur. Kawun naki yana zaune a kan kwalin famfo, ya sha kwat da nektai, ya ɗora fayil a cinya. Kada ki tambaya. Shi da kansa zai ce tsarin zamani ne, wai tebur yana raba shugaba da jama'a. Gyaɗa kai, ki rubuta.

3. Amsa kiran Manaja

Ba za ki kai ga tambayar farko ba sakatariya za ta leƙo, wai Manaja yana son ku gaisa. Je ki. Zai ba ki lemo mai sanyi, ya tambayi mutanen gida har da waɗanda bai taɓa jin labarinsu ba, sannan ya rage murya.

Ga abin da zai ce. Kamfani ya daɗe da yanke shawarar sallamar kawunki. To amma a dokarsu, ba a sallami mutum ba sai an faɗa masa ya ji da kunnensa. Kuma wanda aikinsa ne ya faɗa wa ma'aikaci irin wannan magana shi ne Jami'in Sadarwa. Kin ga inda aka maƙale ke nan. Sauran ma'aikatan kuwa rabinsu shi ya ɗauke su aiki, ba mai iya haɗa ido da shi. Shi ya sa suka koma kwashe masa kaya ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ya gane.

"Ke jininsa ce," in ji Manaja. "Daga bakinki zai fi sauƙi. Ki ɗan cusa shi cikin tambayoyinki."

Shanye lemon tas. A ilimin aiki, abin da ya riga ya shiga ciki ba ya zama alkawari.

4. Yi tambayoyinki, ki sa ido

Koma ki zauna a kan wani kwalin. Tambaye shi abin da ya fi muhimmanci a sadarwa. Zai ce sauraro. Yana cikin faɗa wani zai yi gyaran murya a bakin ƙofa, sai ki ga kawu ya kara waya a kunne yana "To, to, madalla." Wayar a kashe take, kina ganin fuskarta baƙi ƙirin. Ba ruwanki.

Can akanta mai biyan albashi zai shigo yana murza hannu, ya ce dama akwai wata 'yar magana. Kawu zai tare shi da tambayar ƙafar mahaifiyarsa, da jarrabawar babban ɗansa, da rufin ɗakin da yake yoyo, har bawan Allah ya fita yana godiya, idonsa ya ciko. Rubuta: ƙwarewa.

5. Idan tausayi ya kama ki

Zai kama ki, na san halinku. Za ki dubi dattijo a kan kwali yana gumi cikin kwat, ki ji zuciyarki ta karye, ki ce gara ya sani. Za ki buɗe baki ki ce, "Kawu, Manaja ya ce..."

Zai ɗaga hannu. Zai tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Na sani, 'yata. Tun ranar da suka kwance fanka na sani. Dokar nan ni na tsara musu ita. Ƙanwarki da nake biya wa makaranta saura mata zango ɗaya ta gama karatun jinya. Ki bar mini kunnen nan ya huta har ta gama."

Daga nan zai gyara nektai ya ce a kawo tambaya ta gaba. Kada ki yi kuka. Ko kin yi, tishu ma sun ɗauke.

6. Ba Manaja rahoto da yaren ofis

Za ki same shi a lungu, ya laɓe bayan tulun ruwan sanyi, wai yana duba ko yana yoyo. Zai tambaye ki ko kin faɗa. Kada ki yi ƙarya, kada kuma ki faɗi gaskiya, duka biyun na sabon shiga ne. Ki ce, "Mun taɓo batun, ranka ya daɗe."

Zai yi ajiyar zuciya ya gaya wa sakatariya an taɓo, ita ta gaya wa akanta ana kai, akanta kuma ya ci gaba da biyan albashi tunda ba wanda ya ce an gama. Wataƙila Manaja ya ce in kin kammala karatu akwai miki kujera. Yi godiya. Kujerar tana sito, kin san ko ta waye.

7. Rubuta aikinki

Rubuta cewa sirrin sadarwa shi ne sauraro. Malami zai ja layi a ƙarƙashi ya ce kin burge shi. In mamarki ta tambayi yadda ofishin yayanta yake, ki ce wallahi fili ne fetal, ba ki taɓa ganin irinsa ba.

Gargaɗi

Idan bakinki ya kubce, kawu ya dawo gida da kwali a ka, ƙanwarki ta dawo da akwatinta, babu hannuna, ban san ki ba, ban ma rubuta wannan ba. Mai ƙorafi ya gaya wa matata, ta gaya mini ina neman safa. Abu ɗaya kawai zan ɗauki nauyinsa: ranar da ƙanwar taki ta sa fararen kayan jinya, koma ofishin ki ƙarasa masa maganar Manaja. Zai ajiye wayar ya saurare ki har ƙarshe.