Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar da ta Kalli Rana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yanzu bai gama bushewa ba, Malam Misbahu Aujara, tsohon malamin aikin gona mazaunin Dutse, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da 'yan majalisar ƙofar gidan Lado waɗanda ba su cancanci a sanar da su ba, rasuwar kyamararsa, 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin wani mai gyara a Kano, bayan jinyar kwana goma sha tara. Shekararta goma sha biyu a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a ƙasar waje kafin ta zo a gwanjo, waɗanda ba ta taɓa ba kowa labarinsu ba.

Marigayiyar mai kamun kai ce. Ba a taɓa ganinta a gidan biki ko suna ba, ba ta san taron siyasa ba, kuma duk wanda ya zo neman fasfo da haƙuri yake komawa. Aikinta ɗaya ne a duniya: furen itatuwan daji, shi ma sai rana tana bayansa. Kowane mai hoto daga Dutse har Jahun ya san ƙa'ida, ka ba rana baya, ka tsayar da mutum yana fuskantarta har ya runtse ido. Malam Misbahu da 'Yar Baƙa suka juya ƙa'idar. Sai ka gan shi bayan la'asar a bakin gona, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa a gaban tumfafiya, rana na dukan fuskarsa, yana jiran haske ya ratso ta cikin fure har jijiyoyinsa su fito kamar na bayan hannun tsohuwa. Idan ta ga abin da take so sai ta ce «fit-fit» a hankali, sannan ta ce «ƙyas». Iyakar maganarta ke nan, ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da wannan «ƙyas» ɗin ta mutunta sabara, wadda kowa ke sarewa ya wuce, ta nuna cewa gashin 'ya'yanta azurfa ne idan rana ta tsaya a bayansu. Ta ɗauki kalgo, ta ɗauki lalle. Ta bar hotuna sama da dubu goma sha ɗaya, kuma Malam yakan faɗa da alfahari cewa babu fuskar ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Maiɗakinsa Laraba ta roƙi a ɗauke ta a shekarar farko, ta sake roƙo a ta biyu, a ta uku ta daina.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da marigayiyar ta rayu tana jira shi ne furen wata baƙuwar itaciya da ake kira furotiya.

Shekara tara da suka wuce Malam ya dawo daga wani kwas a Jos da 'ya'yan wannan itaciya a ƙulle a hankici. Wanda duk ya taɓa zama kusa da shi minti biyar ya haddace darasin. Abin da ake gani kamar fure ɗaya, in ji shi, taro ne na ɗaruruwan ƙananan furanni da suka cunkushe cikin wasu ganyaye masu launi kamar a cikin kwano. 'Ya'yanta ba sa tsira da daɗin rai sai sun ji hayaƙin gobarar daji, shi ya sa ya turara su da busasshiyar ciyawa a tsakar gida, abin da ya sa maƙwabta suka yi wata guda suna cewa Malam ya fara tsibbu. Ba ta son ƙasa mai kyau, sai tsakuwa da rairayi. Ba ta son ruwan rijiyarsu don yana da kanwa, sai ruwan sama, wanda Laraba ke tarewa a randuna duk damina. Sannan babban sharaɗi, wanda yake faɗa da yatsa a sama: taki guba ne gare ta. Saiwarta ta saba da yunwa, idan ta samu abinci ba ta san ta ƙoshi ba, sai ta ci har ta mutu.

Ƙwaya ɗaya ce ta tsira, ta kuma yi shekara tara tana tsaye ba fure ba labari. A majalisa Lado ya raɗa mata suna Sandar Malam. Duk ranar da Malam ya zo wucewa sai ya ɗaga murya ya ce, «Malam, ya mai jiki? Ta yi furen ko sai baɗi?» Majalisa ta kwashe da dariya. Ga shi itaciyar a cikin gida take, inda namijin da ba muharrami ba ba ya taka ƙafa, saboda haka ko ta yi furen zinariya babu mai gani sai a hoto. Mutuncin Malam gaba ɗaya, na karatunsa da na furfurarsa, ya rataya ne a kan «ƙyas» guda ɗaya.

A ƙarshen daminar bana furen ya buɗe, wata ranar Alhamis, fari tas a tsakiya, bakinsa ja-ja, girmansa ya kai tafin hannu. Malam ya yi hawaye, ba ya kuma jin kunyar a rubuta haka. Nan take ya kafa doka cewa furen da aka jira shekara tara ba za a fara ɗaukarsa da wayar hannu ba. Bayan la'asar ya ɗora 'Yar Baƙa a kan ƙafafunta uku tana fuskantar yamma, ya cire murfin idonta ya jefa a aljihu. Saura kamar rubu'in awa rana ta sauko daidai bayan furen. Ya danna sau ɗaya don gwaji, daidai lokacin da Laraba ta gitta da bokitin ruwa, har ya daka mata tsawa ta matsa. Sai aka yi sallama a ƙofar gida.

Modibbo ne, mahaifin Laraba, ya taso tun daga Taura.

Wanda ya san surukuta ya san sauran labarin. Malam ya fita zaure, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Modibbo mutum ne da ba ya gaisuwar gaggawa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Aujara gida-gida, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ya tsaya ya yi musu addu'a. Daga nan ya shiga labarin wata saniyarsa da ta yi ciwon kofato. Malam na tsugune yana cewa «Haka ne, Baffa,» yana kallon hasken rana na hawa bangon zaure, murfin nan kuma yana tokare masa cinya a aljihu. Ya koyar da yara shekara talatin yadda gilashi ke tara hasken rana ya ƙona takarda, don haka ya san abin da ke faruwa a tsakar gidansa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Amma suruki bai sallame ka ba, ina za ka tashi? Saniyar ba ta warke ba sai dab da magariba.

Da Malam ya shiga, warin ƙonanniyar roba ne ya tare shi. 'Yar Baƙa na nan tsaye inda ya bar ta, ba ta kauda ido ba. Ya danna, ta ce «ƙrrr», muryar da bai taɓa ji daga bakinta ba.

An garzaya da ita wurin Maharazu mai gyaran waya a kasuwar Dutse. Ya buɗe ta, ya hura mata iska da baki, ya shafa mata sifirit, ya girgiza kai ya ce sai Kano. Malam ya tare a Kano wurin jinya, yana kwantar wa kansa hankali da cewa furen furotiya yakan yi makonni bai yi yaushi ba.

Bai san cewa a ranar Alhamis ɗin nan Modibbo, da ya shiga gaida 'yarsa, ya ga itaciyar a cikin tsakuwa ba, kuma abin ya tsaya masa a rai. A ce surukinsa malamin gona ne, amma shuka ɗaya tilo a gidansa tana fama da yunwa? Bayan mako ya dawo da buhu huɗu na kashin shanunsa da ragowar takin zamani, ya naɗe hannun riga, ya zuba mata da hannunsa, ya bi da ruwa sosai don ya shiga. Laraba ta san darasin fiye da kowa, shekara tara tana jin sa. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki tana kallo, domin ba a ce wa uba kyautarsa guba ce. Yana fita ta durƙusa tana kwashewa da hannu har farcenta ya yi jini, amma ruwa ya riga ya kai saƙo. Cikin kwana shida bakin ganyen ya ƙone, furen ya sunkuyar da kai. Malam ya dawo daga Kano da gawa a jaka, ya tarar da wata a tsakar gida. Washegari ya tafi Taura ya tsuguna ya yi godiyar taki.

Marigayiyar ta bar ƙafafunta uku, waɗanda ke jingine a lungu ba su san abin yi ba. Ta bar batir biyu, ɗaya dama ya daɗe yana kumburi. Ta bar caja da jaka mai ɓallallen zif. Ta kuma bar murfin ido, wanda ba ya wurin a ranar da aka fi bukatarsa, kuma har yau ba a yi masa magana a gidan. Sai ɗan katin da take ajiye hotuna, wanda wuta ba ta taɓa ba.

A cikinsa aka samu hoton ƙarshe, wancan na gwaji. Laraba ce ta cika shi. Rana na bayanta, haske ya ratso ta gefen ɗankwalinta, ruwan da ke fantsalowa daga bokiti ya kama wuta, ta juyo da fuska tana shirin yin dariya, domin tsawar ba ta kai ga kunnenta ba tukuna. Furen kuwa ɗan bakinsa ne kawai ya leƙo ta bayan gwiwar hannunta, bai fi farce ba.

Malam ya wanke hoton babba. Shaida ce, amma ba a kai hoton matar aure majalisa. Sai ya rufe shi da kwali, ya huda 'yar ƙofa daidai wurin furen, ya kai musu. Lado ya kanne ido ɗaya, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ce, «Malam, wannan ai bakin atamfa ne.» Ɗaga kwalin nan kaɗai zai kashe gardamar shekara tara. Malam ya dubi kwali, ya dubi Lado, ya sa hotonsa a hammata ya koma gida.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a tsakar gidan mamaciyar. Ba za a yi mata salla ba, an tambayi liman ya ce kada ma a sake tambayarsa. Za a naɗe ta a hankicin da ya kawo irin daga Jos, a sa ta a ramin da aka cire itaciyar, fuskarta na kallon gabas, ta huta da ranar yamma, a wannan karon da murfinta a ido. Maza za su tsaya a zaure. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo da waya a hannu, kada su tambayi lafiyar Sandar Malam, kuma don girman Allah kada kowa ya kawo taki.

Za a karɓi gaisuwa kwana uku, daga safe zuwa la'asar kawai. Bayan la'asar Malam ba ya ganin kowa. Lokacin ne rana ke shigowa ta tagar ɗakinsa ta faɗa kan bangon da ya rataye hoton, kuma Laraba ta shaida cewa yakan zauna a gabansa har a kira magariba. Ta ce kwalin tuni ta hura wuta da shi, kuma bai taɓa tambayar inda yake ba.