Cindo da Alƙaluman Gwamnati

A Gidan Marke akwai wani mutum ana ce masa Cindo. Gidansa ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Kande, da matarsa Tabawa, da 'ya'yansu mata uku. Yana da amalanke da bijimai biyu, da su yake ɗaukar taki da kayan kasuwa. Ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa, ya kuma gama firamare, yana karatu sarai. Halinsa guda ne ke ba mutane wahala: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Wanda ya san shi, sai ya auna maganarsa kafin ya aike shi.

Ɗakin shan magani na garin ya shekara biyu a kulle. Tun da ma'aikacin ya yi ritaya ba a turo wani ba. Sai labari ya zo cewa ƙaramar hukuma ta ɗauki sabbin ma'aikatan lafiya, amma ba za su ishi kowane gari ba. Za a duba alƙaluman da ke shafin gwamnati na intanet, inda ciwo ya fi yawa can za a tura. Malama Saude, tsohuwar malamar makaranta kuma sakatariyar ƙungiyar matan gari, ta ce ita za ta rubuta takardar roƙo, da hujjojinta. Tana da babbar waya, amma ba a samun sabis sai a kan dutsen bayan gari, gwiwarta kuwa ta daina hawan dutse. Cindo ke da ƙafa, shi ke da haƙuri.

Wata rana da hantsi Malama ta zaunar da shi ta nuna masa daki-daki. Nan za ka zaɓi jiha, nan ƙaramar hukuma, nan sunan ciwo, sannan ka danna wannan koren. Ta maimaita sau uku.

"Ka gane?"

"Na gane, Malama."

"To hau. Kada ka sauko sai shafin ya buɗe."

Cindo ya hau ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar. Azahar ta yi, ya yi taimama ya yi salla. Can caji ya ƙare, waya ta mutu. Ya gyara zama, ya ɗora ta a cinya ya ci gaba da kallo. Bayan la'asar Tabawa ta zo gindin dutse da ƙwaryar fura.

"Malam, me kake yi har yanzu?"

"Bai buɗe ba."

"To wayar tana aiki?"

"A'a, ta mutu tun ɗazu."

Duk roƙon da ta yi bai motsa ba. Sai da Malama ta dogaro sandarta har gindin dutsen ta ɗaga murya ta ce ta janye maganarta, sannan ya sauko.

Wata rana kuma ta ba shi littafi da biro, ta ce idan ya buɗe ya kwafo duk abin da ya gani. Wannan karon ya buɗe. Cindo ya dawo da shafi huɗu cike taf. Ya rubuta lokaci, ya rubuta sauran caji, ya kwafe tallan wani man shafawa da ya faɗo tsakiya, har tsagewar da ke gefen gilashin wayar ya zana ta. Malama ta sa tabarau ta bi layi-layi, ta tarar alƙaluman suna ciki, babu kuskure ko ɗaya. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta ajiye littafin.

A cikin abin da ya kwafo akwai layin da ya hana shi sukuni. An rubuta cewa a ƙaramar hukumarsu, idan an daidaita, kowane gida yana da mutum shida da rabi. Ya shiga gida ya ƙirga: shi, Inna, Tabawa, yara uku. Shida. Ya sake ƙirgawa daga ƙarama zuwa babba, shida. Ya leƙa rumbu, ya leƙa bayan ɗaki.

"Me ka ɓatar?" in ji Inna.

"Rabin mutum. Gwamnati ta ce muna da shi."

Inna ta dubi Tabawa. Tabawa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ka jira bayan kaka, zai cika guda." Cindo ya tsaya yana lissafi da yatsu, can ya gane. Ya yi murna, amma abin ya tsaya masa a rai. Da yamma a majalisa ya ce wa Mai Unguwa Sallau, "Ranka ya daɗe, ni da gidana, amma gwamnati ta riga ni ji."

Wata rana ya kwafo cewa a lokacin damina, yaro ɗaya cikin kowane biyar a yankinsu yana kamuwa da zazzaɓin cizon sauro. Bai wuce wurin Malama ba. Ya ɗaura bijimai ya nufi bakin firamare daidai lokacin tashi. Ya jera yara a layi ya fara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, kai hau amalanke. Na biyar ɗin farko ɗan Sarkin Fawa ne, ƙato, yana shan mangwaro. Wata yarinya, ta uku a layi, tana rawar sanyi ta ce kanta na ciwo.

"Ke ta uku ce," in ji Cindo. "Lafiyarki ƙalau, tafi gida."

Ya loda yara tara, suna ta shewa, sun samu hawan amalanke kyauta. Bai kai bakin gari ba iyaye mata suka cim masa, uwar ɗan Sarkin Fawa a gaba da muciya a hannu. Malama ce ta raba. Ta zaunar da shi a inuwa ta ɗebo tsakuwa ɗari, ta shafa wa ashirin gawayi, ta zuba su a ƙwarya ta girgiza. Ta ce, "Ka gani? Lissafin ya faɗa maka nawa ne, bai faɗa maka wanne ne ba." Cindo ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya ce ya gane. Yarinyar nan ta uku kuwa shi ya kai ta gida a amalanke.

Saura abu ɗaya takarda ta kammala, wato alƙaluman Gidan Marke kanta. Cindo ya hau dutse ya nemo layin garinsu, ya kwafo. Wata ashirin da huɗu, kowane wata sifili. Malama ta cire tabarau ta ajiye. Ta bayyana wa Mai Unguwa cewa ma'aikacin ɗakin shan magani ne ke aika rahoto duk wata. Tun da aka kulle ɗakin babu mai aikawa, shafin kuwa sifili yake sa wa wanda bai aiko komai ba. A idon masu rabo, duk yankin babu garin da ya kai Gidan Marke lafiya. Ta aika takardarta da wannan bayani, amma da jerin sunayen garuruwa ya fito, babu nasu. Ga shi an yi ruwa uku, zazzaɓi ya fara kwantar da mutane.

Cindo ba ya wurin lokacin bayanin, ya tafi ba shanu ruwa. Abin da ya riƙe shi ne abin da ya kwafo da hannunsa.

Wata rana da safe ya shiga gida-gida yana yi wa marasa lafiya albishir cewa gwamnati ta ce babu mai ciwo a garin, su tashi. Wasu suka kore shi, wasu ba su da ƙarfin korar. Ya dawo gida ya tarar Inna ma ta kwanta, an lulluɓe ta da zane biyu.

"Inna, tashi. Sifili ne."

"Cindo, fita ka ba ni wuri."

"Gwamnati ce ta faɗa."

"To kai ni wurinta ta faɗa mini da bakinta."

Ya fita. Ya shimfiɗa ciyawa da tabarma a amalanke, ya kafa sanduna ya yi rumfa da zana. Ya ɗauko Inna cak, tana faɗa yana ba ta haƙuri. Ya tuna sauran ma ba su yarda da shi ba, ya bi ya kwaso waɗanda danginsu suka bari, don jin an ce za a kai su wurin gwamnati. Mutum goma sha ɗaya, da tulun ruwa. Kafin azahar bijimai suka tsaya a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, tsakanin motoci biyu.

Mai gadi ya hana shi shiga. Hayaniyar ta fito da shugabar sashen lafiya, Hajiya Uwale. Cindo ya durƙusa ya miƙa mata littafinsa.

"Ranki ya daɗe, daga Gidan Marke muke. Na kawo su ki faɗa musu lafiyarsu ƙalau. Ni na faɗa, sun ƙi yarda."

Hajiya ta dubi sifilin da ke jere a littafin, ta dubi amalanke. Ta taɓa goshin Inna, ta janye hannu da sauri. Ta sa aka fito da kayan gwaji aka ɗan soki yatsan kowa a nan inuwar darbejiya. Tara cikin goma sha ɗaya suna da zazzaɓin cizon sauro. Aka ba su magani nan take. Ta shiga ofis ta buɗe kwamfuta, ta sa aka tono takardar Malama Saude daga ƙarƙashin tarin takardu, ta karanta a tsaye har ƙarshe. Da ta fito ta ce ranar Litinin ma'aikaciya za ta iso Gidan Marke da makulli da akwatin magani, kuma ita da kanta za ta gyara layin garin a shafin.

Cindo bai tashi daga durƙuson ba.

"Ranki ya daɗe, ban ji hukuncin ba. Suna da lafiya ko ba su da ita?"

"Ba su da lafiya, Malam. Wallahi ba su da ita."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya je gefen amalanke ya gyara wa tsohuwar lulluɓi.

"Inna, kin ji da kunnenki. Gwamnati ta yarda. Yi kwanciyarki."