Ɗakin da Na Yi Wa Rantsuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tare babban jami'in ilimi a ƙofar aji, hannuwa a buɗe, kamar mai hana shanu shiga gona.

Makarantar da nake koyarwa tana tsakanin Gwandu da Kalgo. Turawan mishan ne suka kafa ta, daga baya gwamnati ta karɓe. Da labari ya zo cewa za a rushe tsohon ginin makarantar a ɗora sabo, raina ya ɓaci. Ni ne malamin tarihi (kuma ban taɓa bari kowa ya manta da haka ba). Na ce sai dai a rushe da ni a ciki.

Ran da jami'in ya zo, na tsaya gaban ajin da ya fi ko'ina tsattsagewa. Malamai, ɗalibai, iyaye, kowa na kallo. Na buɗe murya: nan aka fara koyar da boko a yankin nan, kakanninmu suka kwaɓa ƙasarsa. Har na dafa bangon, na rantse.

Sai Alhaji Mudi, wani tsoho daga Malisa, cikin ɗaliban farko, ya gyara tsayuwa a kan sandarsa.

"Malam, wanga ɗaki gwamnati tag gina shi bayan ta amshe makaranta. Namu na mishan yana can baya, inda kaka ɗamre awakinka."

Jama'a, na ji kunya har cikin ƙashina. Shekara da shekaru akuyoyina uku suna kwana a ajin farko na makarantar, ni kuwa na ɗauka tsohon sito ne. Ɗalibai suka fashe da dariya. Jami'in ya ce, "To Malam, sai ka matsa ko?"

Na matsa ɗin. Na zagaya baya, na kwance akuyoyin a gaban kowa, na ɗauki tsintsiya. Alhaji Mudi ya biyo ni a hankali, ya nuna inda yake zama yana yaro, ya zauna a wurin. Na tsaya a ƙofa, na sake jawabina tun daga farko, ban rage ko kalma ba.

Ɗakin mishan ɗin yana nan har yau, an yi masa sabon rufi. Yara kuwa sun sa mini suna Malam Mai Awaki, kuma ina amsawa. Rantsuwa dai ban daina ba, amma yanzu sai na tambayi tsofaffi wane bango zan dafa.