Zanen Da Na Kai Wa Baban Bilkisu

Cikin duk abin kunyar da na tafka a London, wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da na je gaida baban Bilkisu a Barking. Ina ɗalibin tarihi lokacin, sojoji ba su daɗe da ƙwace mulki a gida ba, ni kuma na ƙwallafa rai sai na auri yarinyar nan. Abin da ta taɓa faɗa mini game da mahaifinta kawai shi ne, "Baba hutawa yake yi." Ni kuma ban bi ba'asi ba.

Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Na wuni ina safa da marwa a kasuwar Whitechapel, in ɗauki turare in ajiye, in ɗauki dabino in ajiye (wai ni a dole sai abin da zai nuna ina da boko). Ƙarshe a wajen wani mai tsofaffin kaya na sayi zanen barkwanci na ƙarnonin baya: wani gwamna mai ƙaton tumbi a gaban majalisa ana tuhumarsa, zinariya na zuba daga aljihunsa.

Na durƙusa na gaida Alhaji, na miƙa masa zanen. Ya buɗe, ya gyara tabarau.

"Samari, wane ne wannan?"

Ni fa in tsoro ya kama ni, bakina ba ya rufuwa. Na shiga zuba, yadda mutumin ya wawashe baitulmali, yadda majalisa ta gurfanar da shi, yadda masu zane suka mai da shi abin dariya a titi. Bilkisu na bakin ƙofa tana ta tari, na ɗauka mura ce. Na ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, sak irin namu! A tsige su, su kwaso su gudo nan, ka tambaya a ce wai hutawa suke..."

A nan na ji abin da bakina ya faɗa. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Alhaji ya daɗe yana kallon zanen. "An same shi da laifi?"

"An... an wanke shi daga baya, Baba."

"To ka gani. Ni ma jira nake a wanke ni."

Bilkisu ta raka ni tashar jirgin ƙasa ko kallona ba ta yi. "Sau nawa na yi tari? Seriously?"

Alhaji ya ba ni ita, amma bai yafe ba. Ya rataye zanen a tsakiyar falo, duk baƙon da ya zo sai ya ce, "Kira surukina masanin tarihi ya yi muku bayani." Haka nake tashi ina gumi ina kame-kame.

Tun daga nan, duk dattijon da aka ce mini yana hutawa a London, dabino nake kai masa.