Gwaggona Ta Ga Likita Cikin Minti Huɗu

Jama'a, ku taya ni murna, gwaggona ta kafa tarihi: ta ga likita cikin minti huɗu. A rubuce yake, har da hatimi. Duk mai musu ya je ya yi da kwamfuta, ni ba ruwana.

Ga yadda aka yi. Talatar makon jiya, ana tsakiyar annobar nan, Gwaggo ta wayi gari numfashi na yi mata gardama. Ita ta raine ni tun ina zanin goyo, don haka hankalina ya tashi. Maƙwabcina tela ya leƙo ya ce, "Kai ta babban asibiti kawai, yanzu ba layi. Ba ka ji a rediyo ba? Mai Girma Uban Tsare-tsare ya sa an zana asibitin sukutum a cikin kwamfuta, aka zuba masa marasa lafiya na ƙarya suna shiga suna fita, har aka gano inda ake cunkushewa, aka gyara."

Na ce, "Su na ƙaryar suna tari?" Ya ce shi dai ɗinki ya sani.

Gani ya kori ji. Ƙarfe takwas muka isa, kuma wallahi tela bai yi ƙarya ba. Ta tsakanin ƙarafunan get na hango zauren jira fes, an zana kibiyoyi a ƙasa, kujeru nesa-nesa, mutum biyar kacal a zaune suna shan fanka. Mu kuwa, sama da mutum ɗari biyu, muna waje jikin katanga, kafaɗa da kafaɗa, kowa na tari a ƙeyar ɗan'uwansa.

Na lallaɓa wurin mai gadi na ce, "Baba, tsohuwata ba ta iya numfashi."

"Sannu, ɗana. Biyar-biyar aka ce. In biyar sun fita, biyar su shiga."

"Wa ya ce?"

"Kwamfuta. Ta ce in mutum biyar ne a zaure, ba mai wuce minti bakwai yana jira."

"To mu da muke nan fa?"

"Ai ku ba ku zo ba tukuna. Sai an rubuta mutum a tagar kati ake cewa ya zo."

Nan na gano bakin zaren. Da masanan da suka zana asibitin suka zo tattara bayanai, littafin tagar kati aka miƙa musu, shi kuwa daga taga yake fara ƙirga lokaci. Ba wanda ya gaya wa baiwar Allah kwamfuta cewa asibitin yana da get, balle rana, balle katanga. Ban ga laifinta ba, injin niƙa ce, abin da ka zuba mata shi za ta fito maka da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma wa zai tambayi mai gadi alhali ga masu jakar hannu?

Na shimfiɗa wa Gwaggo kwali, na tsaya a kanta ina yi mata inuwa da rigata. Wajen sha biyu aka wangale get ɗin, na ce alhamdulillahi. Ashe Uban Tsare-tsare ne da kansa ya zo duba aikinsa, da motoci goma sha ɗaya, su ba a yi musu biyar-biyar ba. Aka roƙe mu mu ɗan matsa baya kada mu ɓata hoto. Muka matsa, ai mu ma masu son ci gaba ne. Ya shiga ya ɗauki hoto da kujeru, ya yi musu jawabi, ya fito.

Biyu ta gota Gwaggo ta sulale. Na kira ta, shiru. A nan wasa ya ƙare mini. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na fashe da kuka da furfurata a gaban jama'a. Mai gadi ya dube mu, ya ce, "Kwamfuta ta yi haƙuri," ya zare sakata, ya kama mini ita muka yi ciki da gudu, muna tattake kibiyoyin gwamnati ta baibai.

Mai kati ta rubuta: ta zo biyu da minti goma. Likita ya manna mata robar iska a hanci ya rubuta: an gan ta biyu da sha huɗu. Nas ta harare ni ta ce, "Ku mutanen nan, me ya sa ba kwa kawo mara lafiya da wuri?" Na ba ta haƙuri.

Jiya aka sallamo Gwaggo, Allah ya yi da sauran shan ruwanta. Muna zaune da rediyo sai ga muryar Mai Girma yana cewa tsarinsa ya yi nasarar da har wata dattijuwa ta ga likita cikin minti huɗu. Gwaggo ta ja tsaki ta ce, "Ka ji masu uwa a gindin murhu ko? Mu muna gasuwa awa shida a rana, ita minti huɗu. Ko uwar wane babba ce oho."

Ban gaya mata ba, likita ya ce a guji ɓata mata rai. Ni dai na bar wa tela wasiyya: ranar da ciwo ya kayar da ni, a kai ni asibitin cikin kwamfutar, an ce can ba wanda ya taɓa suma a bakin get.