Kaftin Ubaidullah da Ɗamarar Darma

Duk wanda ya zauna a Aziziyya ta birnin Madina wajen shekarar 2002 bai san Kaftin Ubaidullah ba, to zaman banza ya yi. Allah ya yi wa unguwar baiwa da malamai da fatake da direbobi, amma masanin ƙarƙashin teku ɗaya tak ya ba ta, kuma bai ba ta ƙarami ba. Mutum ne dogo mai faɗin murya, ga tumbi irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Sana'arsa sayar wa alhazai harami da silifa a kusa da masallacin Bi'ir Ali. Amma wannan, in ji shi, aikin hannu ne kawai. Zuciya tana can Bahar Maliya.

Kaftancin kuwa ba gado ya yi ba, da guminsa ya samo shi. Kwana uku cur ya yi a Yanbu'u, garin da ke bakin teku, yana koyon nutso da tukunyar iska. Masu hassada suna cewa kwana biyun farko a tafkin otel ya yi su, ruwa iya ƙirji, ranar ta uku kuma da za a shiga teku kansa ya yi ciwo. Ba mu bin ta tasu. Mu dai mun ga hoto a bangon shagonsa, cikin firam mai ruwan zinariya: ga Kaftin cikin baƙar rigar roba, gilashi a goshi, yana kallon nesa kamar wanda kifaye suka kawo wa ƙara. Tun daga nan unguwa ta naɗa shi Kadan Bi'ir Ali. Wasu kuma, don tsananin girmamawa, sukan ce Sarkin Ruwan Tudu.

Kullum bayan la'asar majalisa takan cika a ƙofar gidansa, ana shan shayi, shi kuma yana zuba ilimi. Darasi ɗaya ne, amma da yake babba ne, wata huɗu bai ƙare ba. Jikin ɗan Adam, in ya sa rigar roba, ba ya nutsewa sai an ɗaura masa nauyi. Nauyin nan kuwa dunƙulen darma ne. To, a ina za a sa shi? Wasu sukan jera shi a ɗamara su ɗaura a ƙugu. Wasu kuma sukan zuba shi a aljihunan falmaran ɗin iska da mai nutso ke sawa, sabon yayin da ya shigo a shekarun nan.

"Jama'a, wannan mas'ala ta raba kan malaman teku," in ji Kaftin, yana kaɗa kofin shayi. "Ni kuwa na yanke hukunci. Ɗamara! Ɗamara ita ce ta maza. In wuya ta zo, hannu ɗaya za ka sa ka ɓalle ta, halas, shi ke nan, ka taso. Aljihu fa? Aljihu na 'yan koyo ne da masu ciwon baya, waɗanda ba sa son abu ya taɓa musu ƙashin ƙugu. Falmaran ya yi nauyi kamar buhun shinkafa, sai an ɗaga maka. Ni, Abu Ikram, ba a ɗaga mini kaya."

Masu sauraro sukan gyaɗa kai. Mafi yawansu ruwa mafi zurfi da suka taɓa shiga shi ne na bahon wanka, don haka ba wanda ya taɓa kama Kaftin da kuskure.

Mutum ɗaya ne ba ya gyaɗa kai, Baba Rabo. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da 'yan kai, haifaffen Gaya ta bakin kogin Kwara, ya zo aikin hajji tun yana saurayi ya zauna. Yana da bene a unguwar Anbariyya, a ƙarƙashinsa akwai shago babu kowa. Shagon nan Kaftin yake so. Ya riga ya sa an rubuta allo: Cibiyar Nutso ta Madina. Cewa daga Madina zuwa bakin teku tafiyar awa uku ce a mota bai dame shi ba, manyan mutane ba sa tsayawa kan ƙananan abubuwa.

"Na ji bayani, Abu Ikram," in ji Baba Rabo. "Amma kunne ya ƙoshi, ido ne ke jin yunwa. Ka kai ni in gani, sannan mu yi maganar mabuɗi."

Ranar wata Alhamis da hantsi, sai ga su a Yanbu'u: Kaftin, da Baba Rabo, da Sabo tela, maƙwabcin Kaftin, wanda aka ɗora wa ɗaukar bidiyo don 'yan baya su amfana. Suka shiga ƙaramin jirgi mai inji. Mai koyar da nutso a jirgin wani ne Umair, jikan Kanawa, haifaffen nan. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa.

Umair ya dubi Kaftin daga sama har ƙasa, idonsa ya daɗe a tsakiya. Sannan ya ɗauko falmaran mai aljihu, ya kira shi Ammu, wato baffa, ya ce cikin ladabi, "Ammu, wannan zai fi maka. Ɗamara ƙugu take nema ta zauna a kai. Kai kuwa, masha Allah, Allah ya yi maka yalwa, ba inda za ta kama. Za ta zame."

Kaftin ya yi dariyar manya, ya juya wajen bidiyo.

"Sabo, ɗauki wannan da kyau. Kun ga abin da nake faɗa muku? An lalata 'yan zamani da aljihu. Ɗana, tun kana rarrafe nake ɗaura ɗamara. Miƙo mini tawa da na taho da ita daga gida. Ka ƙara darma biyu, ruwan yau na ga yana da taurin kai."

Umair ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Ala kaifak, Ammu," wato yadda ka so. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Aka shiga ɗaurin ɗamara. A sama da cibiya ta ƙi haɗuwa. A ƙasa kuma ba a ganin maɓallin, sai da lalube. Daga ƙarshe Kaftin ya saki tumbi iya sakinsa, ya ɗaura ta a kan gangara, ya buga ta da tafin hannu, ya ce ta zauna daram. Aka goya masa tukunya, ya sa takalman agwagwa. Ya tsaya a bakin jirgi ya yi wa teku ɗan jawabi, ya sanar da Baba Rabo cewa zai sauka kamu ashirin, kuma in ya daɗe kada a damu, wani lokaci yakan manta da duniya a can ƙasa. Ya yi bismilla, ya faɗa.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sanyi na ratsa shi, Kaftin ya ja numfashi ya shanye ciki. Ɗamara kuwa abin da take jira ke nan. Ta sulale ta bi cinya, ta wuce gwiwa, ta yi ɗan jinkiri a takalman agwagwa kamar mai sallama, ta nufi ƙasa ita kaɗai. Ruwan garau yake, kowa a jirgi ya ga tafiyarta.

Kaftin ya taso sama ɓul. Bai yarda ba. Ya kifa kai ya tura, ƙafafu suka tashi sama suna fafatawa, mazaunai suka fito fili suna sheƙi a rana. Ya sake turawa, ruwa ya sake maido shi. A cikin ruɗewa ya lalubo maɓallin fitar da iska daga falmaran, ya danna na cikawa. Falmaran ya kumbura ya matse shi, ya juya rigingine, hannuwa a baje. Igiyar ruwa ta fara jansa tana nesa da jirgi.

A nan abin ya daina zama wasa. Robar numfashi ta fita daga bakinsa, ya kwankwaɗi ruwan gishiri, ya ƙware. Larabcin majalisa ya gudu, ƙa'idodin malaman teku suka bi shi.

"Wayyo Allah! Wayyo Inna! Ku kama ni, ina da 'ya'ya!"

Baba Rabo ya miƙe tsaye yana salati. Sabo ya rasa ko ya ajiye bidiyo ko ya ci gaba, sai ya ci gaba. Umair ya faɗa ruwa, ya kamo Kaftin ta wuyan tukunya, ya jawo shi a hankali kamar mai jan rago zuwa wanka. Sai da mutum uku suka haɗa ƙarfi, har da direban jirgi, kafin wanda ba a ɗaga masa kaya ya hau. Ya kwanta yana amayar da Bahar Maliya kaɗan-kaɗan. Umair ya koma ya ɗauko ɗamara. Cikin duk tawagar da ta taso daga Madina, ita kaɗai ta ga ƙasan teku.

A hanyar komawa suka tsaya a Badar suka yi salla, suka zauna cin soyayyen kifi. Da loma ta uku, Allah cikin ikonsa ya maido wa Kaftin muryarsa.

"Abin da kuka gani yau," in ji shi, yana zare ƙaya, "ba kowa ke iya shi ba. Gwajin zubar da nauyi ke nan, da gangan na yi don Umair ya koya. Sannan akwai wani sirri da masana suka sani: teku tana gane mutane. Akwai jikin da take girmamawa, ba ta yarda ya yi ƙasa. Ka ɗaura masa darmar duniya, sai ta ɗaga shi sama. To, Baba, tunda ido ya gani, yaushe zan aiko a karɓi mabuɗi?"

Baba Rabo ya gama tauna, ya suɗe yatsa, ya goge hannu a hankali.

"Shagon dai na ba wa mai sayar da dabino, Abu Ikram, shi kayansa a tudu suke. Amma maganarka gaskiya ce, ruwa yana gane abin da ya faɗa cikinsa. Ni a bakin kogi na tashi. Abu biyu na sani da ruwa ke ɗagawa sama, ciki a kumbure, komai ka yi ba sa nutsewa: gora wofi da mushen jaki. Da yake na ji ka yi ihu, na san ba na biyun ba ne."